Burtu Biyu a Sawun Gwanki

Duk wanda ya bi ta lungunmu a Lamisula ya gan ni zaune a kan tabarma, da farantin gyaɗa da ƙullin daddawa a gabana, cewa zai yi tsohuwar nan ba ta taɓa wuce bakin kwalta ba. To ya ce. Ƙafar nan da nake miƙewa saboda ciwon gwiwa ta taka dajin da ke kudu da Konduga tun ana shigarsa da gora da gatari a fito lafiya, kafin masu bindigar nan su mai da shi wurin da ko sunansa ba a son faɗa da ƙarfi. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana sawa a takarda, don haka a sa yadda na faɗa, kada a gyara mini.

Babana maharbi ne, kuma 'ya'ya mazan da aka haifa masa ba su zauna ba. Ni na zauna. Tun ban kai tsawon bindigarsa ba yake tafiya da ni, ina riƙe masa gorar ruwa, yana nuna mini ƙasa. Bai taɓa ba ni bindiga ba, ni ma ban nema ba. Sawu ya koya mini. Kada in dubi wanda ke gindin ƙafata, in ɗaga kai in nemi na can gaba. In murza kashin dabba a yatsa in san ko da asuba ta wuce ko tun jiya. Shi ya gaya mini matan gwanki da 'ya'yansu kowa na iya binsu, don garke surutu gare shi, amma tsohon namiji da ya bar garke ya koma zama shi kaɗai, duk dabarar da mutum zai zo da ita an riga an yi masa ya tsira.

Da na tashi aure maharbi na aura, kuma ni na so shi. Dogo ne, ba ya magana biyu, a hannunsa ƙahon garinmu yake. Bari in faɗi abin da ƙaho yake nufi, don yaran yanzu sai su ɗauka abin wasa ne. Ƙahon gwanki ne da aka huda. Mai riƙe da shi ke busawa in za a fita farautar gayya, shi ke cewa ga inda za a bi, shi ke raba nama, in maharba biyu sun yi gardama a daji maganarsa ce ƙarshe. Daga ubansa ya gada. Sarkin Baka ake ce masa, har ni a gida haka nake kiransa in ina son tsokana.

Idonsa ya fara tafiya a hankali, kuma ni na fara ganewa. Na ga yana zuba ruwa a buta rabi na bin ƙasa. Wani fari-fari ya fara rufe ƙwayar kamar an ɗiga nono. Babban abu yana ganin duhunsa, amma sawu a busasshiyar ƙasa ya wuce masa. A al'adarmu maharbi ba ya shiga babban daji shi kaɗai, da abokin tafiya yake zuwa, don in an yi harbi a sami wanda ya gani. Sai ya sallami nasa abokin, ya ce shi yanzu ya fi son kaɗaici. Mutane suka ce ai wani asiri ya samu da ba ya son ido biyu. Yana fita da safe ya dawo da zabo ɗaya, wata rana ba komai.

Na ce masa, "Maigida, mu je birni, Yerwa, a duba idon nan."

Ya ce, "Wane ido?"

"Wanda ya gai da turmi jiya da yamma."

"Ke dai bakinki ba ya gajiya. Hayaƙin albarushi ne, zai washe."

Bai washe ba. Asibiti kuwa ba zai je ba, don motar Konduga ba ta ɗaukar mutum ɗaya, kafin ya dawo duk gari ya ji.

A ranin nan ne ƙahon ya faɗo daga inda ake rataye shi ya tsage, dama tsufa ya cinye shi. Aka busa sai ya yi wani kuka kamar akuya mai mura. Dattawa suka zauna a ƙofar Bulama mai garinmu suka ce sai sabo, kuma ba kowane ƙaho ba. Akwai wani tsohon gwanki da kowa ya san da shi, shekara da shekaru yana ba maharba kunya a tsakanin busasshen tafki da kurmin geza. Kofatonsa na baya na hagu ya ɓantare, don haka ba a haɗa sawunsa da na wani. Suka ce wanda ya kayar da shi kafin ruwan farko, da ƙahonsa za a yi sabo, kuma a hannun mai shi zai zauna. Su a ganinsu gata suka yi wa maigidana, don a saninsu babu mai iya wannan sai shi.

Mutum ɗaya ne ya yi murmushi, ƙanin maigidana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙato ne mai yawan dariya, hannunsa a bindiga ba laifi, sai dai gaggawa. Tsakanina da shi akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji. Ran nan ya leƙo gidanmu ina tankaɗe, ya ce, "Matar Yaya, ki fara koyon gaishe ni da durƙuso, ƙaho zai sauya ɗaki."

Na ce, "Kai da ko kazar gidanku sai ta ji tausayinka ta tsaya kake kama ta?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma na lura idonsa na kan yayansa, wanda ke laluben bakin buta.

Da ya fita na ce wa maigida, "Ni zan bi maka sawun."

Ya ajiye butar. Sannan ya ce, "Mace a gaba, Sarkin Baka a baya."

"A daji wa zai gani? Gwankin?"

"In wani ya ji fa?"

"Daga bakin wa?"

Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, kuma ko me ya faru ba zan fito gaban maza in ce ina wurin ba sai in shi ya kira ni. Na rantse ban ko tsaya tunani ba, don a raina na ɗauka in ta kai ga kira zai kira.

Lokacin ɗiban ƙaro ne, mata na fita da sassafe da ƙwarya su bi itatuwan dakwara. Ni ma sai in fita da tawa, in rabu da su a bayan gonaki, in same shi yana jirana a gindin wata tsamiya. In ɗaure lafayata a ƙugu in shiga gaba, yana bin motsin ƙafata da duhun bayana. Da yamma in tsaya in ɗebi ɗan ƙaro a hanya don kada in shiga gari da ƙwarya wayam, har mata suka fara yi mini ba'a wai hannuna ya mutu bana.

Tsohon gwankin nan ya wahalar da mu. Na sami sawunsa a bakin ɗan ruwan da ya rage a tafkin, babba, ya nutse a laka, ga ɓantararren kofaton a fili. Muka bi. A ƙasar firki, baƙar nan da ke tsattsagewa ta yi tauri kamar dutse, babu sawu sam, sai ɗan gefen tsaga da ya marmashe, ko gamba da aka gutsura sama da inda bakin barewa ke kaiwa. Haka nake tsinto shi ɗaya ɗaya. Ina da ƙullin toka a tsumma, in girgiza in ga inda iska ta nufa. Rana ta take, gumi na shiga mini ido, maigida a baya ƙaya na kama masa riga yana zaginta ƙasa-ƙasa. Sawun ya miƙe sambal, sai na ga ya fara lanƙwasa hagu. Kafin in ɗaga hannu mu tsaya muka ji huci daga gefenmu, da gudu, ƙasa na amsawa. Ashe zagayowa ya yi ya kwanta inda yake kallon sawun kansa, iska kuma na kawo masa warin duk wanda ya biyo. Ta gabansa muka wuce yana kallonmu kamar masu tallan nono.

Maigida ya ce, "Kin gan shi?"

"Na ga wutsiyarsa."

"Babanki ma iyakar abin da yake gani ke nan."

"Babana ko ba komai yana ganin wutsiyar."

Bai sake yi mini magana ba har tsamiya.

Wata fitar carki ne suka tona mu, tsuntsayen nan masu cin kaska a bayansa, suka tashi da ƙara, shi ko bai tsaya tambaya ba. Wata fitar ruwanmu ya ƙare muka juyo. Ina yawan ganin sawun takalmin ƙanin da na karensa suna yanke namu. Gabas kuma ta fara haɗa gajimare da yamma, kowa ya san ruwa ya kusa. Maigida ya rame, tuwo ma sai ya sa hannu ya cire.

Na gane bin bayan tsohon nan ba zai yi ba, duk wanda ya zo ta sawunsa ya riga ya shirya masa. Amma na lura da hantsi yana fitowa wani fili da gobara ta ci ya yi sabon toho, ya ɗan yi kiwo kafin ya kwanta, kuma a filin nan burtu na yawo suna tsintar fara bai damu da su ba. Sai na buɗe tsohuwar jakar babana na ɗauko kan burtunsa. Maigida ma yana da nasa. Ga wanda bai sani ba, kan tsuntsun ake busarwa a kafa a lanƙwasasshen itace, maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar mai caccakar ƙasa. Dabba ta hango ta ce tsuntsu ne.

Maigida ya ce mace ba ta sa burtu. Na ce, "Ka taɓa ganin burtu ɗaya na kiwo? Da ɗan'uwansa yake yawo. Shi ya sa tsohon nan ya daɗe yana gane ku." Wannan kam bai musa ba.

Ranar nan muka riga tsohon zuwa filin. Muka kwanta a bakin filin, iska na busowa daga kurmi zuwa fuskarmu. Sai ga shi. Ban taɓa ganinsa gaba ɗaya ba sai ran nan. Ya kai doki, fuskar nan baƙi da fari kamar an yi masa zane, kunnuwa dogaye suna juyawa kowanne da nasa aikin, ƙahonin sun lanƙwasa baya, kaurin gindinsu ya kai damtsena. Ya daɗe a bakin kurmi bai taka ba. Sannan ya fito ya sunkuya.

Muka fara rarrafe. Tsinken ciyawar da ta ƙone na huda mini gwiwa da tafin hannu. Mu matsa kaɗan, mu tsaya, mu yi ta caccaka, a karkace muke bi kamar ba ruwanmu da shi. In na taɓa idon sawun maigida ya tsaya, in na saki ya ci gaba. Tsohon ya ɗago ya zuba mana ido, na ci gaba da caccakar ƙasa kamar da bakin nan aka haife ni. Ya koma kiwo. Da muka kai inda ko mai rabin ido zai ga duhunsa, na kai bakina kunnen maigida na ce, "Ga shi ya ba ka haƙarƙari, kansa na dama." Na kama bakin bindigar da yatsa biyu na ɗan gyara. Ya yi bisimilla ya ja kunama.

Hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe na ga tsohon ya dunƙule baya, ya juya ya shige kurmi da gudu mai nauyi. Harbin ya ɗan yi baya, ya sami ciki. Na je wurin, ga jini baƙi-baƙi haɗe da ɗanyar ciyawa, ya fito sarai a kan toka. Irin wannan ba ya nisa. In ba a kore shi ba zai nemi inuwa ya kwanta, jikinsa ya sandare, a je a yanka. Na ce mu zauna mu ba shi lokaci. Maigida na ɗura bindiga yana dariya ƙasa-ƙasa, rabona da jin dariyarsa tun kaka. Ya ce, "'Yar maharba." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma a lokacin ya ishe ni.

Sai muka ji haushin kare.

Maigida ya ce, "Cire abin nan ki ɓace, maza." Na ce ai ƙaninka ne. Ya ce, "Shi ya sa." Na kwashe burtuna na faɗa bayan wani suri da sabara ta rufe, na lafe. Ina ganinsu ta tsakanin ganye, ina jin komai.

Ƙanin ya iso yana haki, ƙarar bindiga ya biyo. Ya ce, "Yaya, wushe, sannu da aiki. Me aka samu?"

"Tsohon. Na sa masa a ciki, yana cikin kurmin nan. Jira nake ya kwanta."

"Kai, Allah ya ja zamanin Sarkin Baka! Ina jinin?"

Maigida ya nuna da hannu inda yake zaton wurin ne, ya kauce nesa ba kusa ba. Ƙanin ya dubi inda aka nuna, ya dubi fuskar yayansa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya taka a hankali har kan jinin, inda karensa ke shinshina yana kaɗa wutsiya, ya sa ƙafa ya ture karen. Na ga idonsa ya bi sawun gwiwoyin da muka bari a toka, layi biyu, ɗaya manya ɗaya ƙanana. Ya waiga wajen surin da nake. Sai ya sa takalmi ya shiga murza toka a kan jinin, yana magana yana murzawa.

"Yaya, ni fa ban ga komai a nan ba. Ko dai iska ka harba? Ba laifi, kowa na kuskure. Rana ta yi, ka koma ka huta, ni ma gida na nufa."

Ya kira karensa ya kama hanyar gari yana fito.

Na fito daga bayan surin. Na ce, "Tashi, zagayawa zai yi, ya ga inda ya shiga." Muka faɗa kurmin, ina bin ɗigon jini a ganye ina jan hannun rigar maigida. Amma gezar ta yi kauri, mai ido ma da ƙyar, balle wanda kowane reshe sai ya mare shi. Shi kuwa ƙanin ga ƙuruciya ga kare. Ba mu yi nisa ba muka ji bindiga ta tashi a gabanmu, sannan muka ji muryarsa yana kabbara.

Da la'asar aka shigo da gwankin gari a kan amalanke. Maigida ya je ƙofar Bulama ya ce nasa ne. Dokar kowa ya san ta, dabba ta wanda ya fara fitar mata da jini ce ko da wani ne ya ƙarasa, mai ƙarasawa ƙafa ɗaya ake ba shi. Amma in naman na hannun wani, mai cewa jinin farko nasa ne sai ya kawo wanda ya gani. Tun da gardamar ta shafi mai ƙaho da kansa, Bulama ne zai yanke. Maza suka zauna a gindin dalbejiya, naman na kwance a tsakiya, mu mata muna bayan zana muna leƙe.

Aka duba, rauni biyu, ɗaya a ciki ɗaya a wuya. Ƙanin ya ce duka nasa ne, ya harba ya ɗura ya sake. Aka ciro harsashi, duk gutsuren ƙarfe ne na maƙerin garinmu, wanda kowa ke saye.

Bulama tsoho ne mai son maigidana. Ya ce, "Sarkin Baka, ba mu taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Amma ka san al'ada, kai ke riƙe da ita. Wa ya gani?"

Maigida ya ce, "Allah ya gani."

"Shi ai ya ga na kowa. A cikin bayinsa nake tambaya. Ko makiyayi, ko mai itace, ko mace mai ɗiban ƙaro, duk wanda ka kira za mu saurara."

Har yau ina jin Bulama ya san wani abu, in ba haka ba me ya kawo ƙaro? Na matsa har inda zanar ta rabu na tsaya a fili, gwiwoyina a kumbure ƙarƙashin lafaya, tafin hannuna baƙi ƙirin. Na yi tari don ya san ina nan. Ya san tarina, shekara nawa muna ɗaki ɗaya. Na ga kansa ya ɗan juyo wajena. Ƙanin ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke, gumi na bin ƙeyarsa.

Maigida ya ce, "Ni kaɗai ne a dajin."

Bulama ya sake tambaya, maigida ya sake ba shi amsar nan. Shi ke nan, aka sare ƙahonin aka miƙa wa ƙanin, aka shafa fatiha. Da zai wuce ta gefen zana ya rage murya ya ce mini, "Matar Yaya, ƙaro ya yi albarka yau?" Na tofa yawu a gaban takalminsa. Daga ranar nan wasa ya ƙare tsakaninmu. Yanzu dillalin shanu ne a nan cikin gari, in ya zo gaisuwar salla jikokina ke amsa masa.

A gida na sami maigida zaune a kan buzu, bindiga a cinya. Ban ko zauna ba na ce, "Me ya hana ka kira ni?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Bulama da bakinsa ya ce mace mai ƙaro. Ina tsaye. Ka ji tarina."

"Na ji."

"To?"

"In na kira ki me za ki ce? Ke kika bi sawu, ke kika gyara bakin bindiga? Su ba makaho ƙaho?"

"Da sun ba ka. Jinin naka ne, doka ba ta ce sai mai ido ba. Wani da kare yake farauta, hancin kare ke kai shi, ba wanda ya taɓa cewa naman na kare ne."

"Kare ba ya zuwa bakin rijiya ya ba mata labari."

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Au, ni ce ban kai kare ba."

"Ban ce ba. Cewa na yi gara a ce an cuce ni da a ce matata ke ja na a daji. Wanda aka cuta yana iya zama cikin maza."

"Ni fa? Gwiwata fa?"

Ya ce, "Ke ai ba ki rasa komai ba. Me kike da shi a ciki?"

Wannan maganar ita ce har yau ban haɗiye ba. Ƙanin ɓarawo ne, na sani, amma ya yi satar ne don ya san yayansa sarai, ya san ba zai kira ni ba. Shi kuwa wanda na yi wa rarrafe a ƙonannen fili, ya dube ni da ragowar idonsa ya ce me nake da shi a ciki.

Aka aiko mana da cinya, rabon babban wa. Na dafa masa da burabisko, don ba a zubar da nama. Ya ci, ni ban taɓa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, na ji sabon ƙaho ya tashi daga gidan ƙanin, murya gare shi mai kauri, har cikin ƙirji. Maigida ba gayyar zai bi ba, amma ya tashi ya rataya jakarsa, ya ɗauki bindiga, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "An ce akwai barewa a bakin kogi. Ɗauko ƙwaryarki."

Daka nake, na ci gaba da dakana.

"Ba ki ji ba ne?"

Na ce, "Na ji. Ai kai kaɗai kake shiga daji, Sarkin Baka. Ga hanya nan."

Ya tsaya. Na gama daka, na sheƙe, na hura wuta, yana tsaye. Rana ta hau har inuwar zana ta janye daga kansa. Sannan ya lalubi ƙusar da ke bango ya mayar da bindigar, ya koma kan buzunsa. Bai sake shiga daji ba, ni ma ban sake ba.

Na ci gaba da yi masa tuwo, ina kai masa ruwan alwala, ina riƙe masa sanda har ƙofar masallaci lokacin da idon ya rufe gaba ɗaya, har ranar da muka gudo Yerwa da abin da ke jikinmu, har ya cika a ɗakin haya a nan. Mutane na cewa na riƙe shi da kyau, kuma gaskiya ne. Sau ɗaya, yana kwance ciwon ajali, ya fara cewa, "Ranar nan a ƙofar Bulama..." Na ajiye abin da ke hannuna na jira. Sai ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa masa.